Gona, bashi da yarinya mai baki: sharhin littafin Roll of Thunder, Hear My Cry

Ranar farko ta komawa makaranta ce, a watan Oktoban 1933, a wani ƙauye na jihar Misisifi da ke kudancin Amurka. Malama ta sanar da cewa bana kowane ɗalibi zai samu littafin karatu nasa na kansa, yara suka hau murna. Da aka zo rabo sai ga tsofaffin littattafai, bango ya koɗe, gefen shafuka ya yi baƙi da dauɗar hannu. Wani yaro ɗan shekara shida, wanda ko ɗigon ƙura ba ya so a jikin rigarsa, ya buɗe nasa. A cikin bangon akwai jadawali na hukumar ilimi: karo na nawa aka ba da littafin, a wace shekara, a wane hali yake, da launin fatar ɗalibin da ya karɓa. Layi goma sha ɗaya na farko, daga 1922, duk na farar fata ne, littafin yana gangarowa daga sabo zuwa mai dama-dama zuwa tsoho. A layi na goma sha biyu, na 1933, aka rubuta cewa ya lalace ƙwarai, kuma a gurbin launin fata aka sa kalmar wulaƙanci da ake kiran baƙaƙen fata da ita. Yaron ya buga littafin da ƙasa ya hau tattaka shi.

Da wannan fage babi na ɗaya yake kama mai karatu, kuma a cikinsa ake gane irin littafin da aka riƙe. Marubuciyar, Mildred D. Taylor, ba ta tsaya yi wa kowa bayanin mene ne wariyar launin fata ba. Takardar hukuma ta ajiye a gaban yaro, ta bar shi ya karanta da idonsa. A ganina wannan shi ne babban dalilin sayen littafin: yana nuna wariya a matsayin tsari mai rajista da lissafi, mai takardar bashi da ta jingina, wanda yake tafiya ko da ba wanda ya ɗaga murya ya zagi wani.

Kamfanin Dial Press ne ya fara buga shi a 1976, da zanen bango na Jerry Pinkney, kuma a 1977 ya ci lambar Newbery, wadda ita ce babbar lambar yabo ta adabin yara a Amurka. Da Turanci aka rubuta shi. Babi goma sha biyu ne, shafukansa ba su kai ɗari uku ba a yawancin bugu. An haifi Taylor a 1943 a birnin Jackson na Misisifi, amma tana jaririya iyayenta suka koma Toledo a jihar Ohayo. Daga bakin mahaifinta da dangi ta ji labaran Kudu, kuma mahaifin ya rasu a shekarar da littafin ya fito, shi ta sadaukar wa aikin. Wannan asali yana fitowa a salon: labari ne da ya sha maimaici a bakin manya kafin ya hau takarda.

Mai ba da labarin ita ce Cassie Logan, 'yar shekara tara, mai saurin fushi da saurin magana. Tana da wa, Stacey, ɗan shekara goma sha biyu, da ƙanne biyu, Christopher-John da wanda ake kira Little Man, shi ne mai tattaka littafi. Uwarsu Mary malama ce a makarantar baƙaƙen fata ta Great Faith. Ubansu David yana aikin layin dogo a jihar Luwiziyana mafi yawan shekara. Kakarsu, da suke kira Big Ma, ita ke riƙe da gida. Labarin ya ɗauki kusan shekara guda, daga Oktoban 1933 zuwa Agustan 1934.

Abin da ya raba gidan Logan da maƙwabtansu shi ne gona. Suna da eka 400, wato kimanin hekta 160, mallakinsu. Kakansu Paul Edward, wanda aka haifa cikin bauta, ya sayi eka 200 a 1887, ya ƙara wasu 200 a 1918. Rabin farko an gama biya, rabi na biyu yana jingine a banki, ga kuma haraji a kan duka. Asalin filin na zuriyar Granger ne, manyan masu gonaki farar fata, waɗanda suka sayar da shi bayan yaƙin basasar Amurka saboda matsin kuɗi, kuma magajinsu Harlan Granger ya ƙudurta sai ya dawo da shi. Shi ya sa uban yara yake can wata jiha yana aikin dogo: kuɗin auduga ya daina isa biyan banki da haraji. Wannan ba ƙirƙirar marubuciya ba ce. Farashin auduga a Amurka ya faɗi daga kusan santi 17 a kan kowane fam ɗaya na nauyi a 1929 zuwa wajen santi 6 a 1931.

Su kuwa maƙwabta noma-mu-raba suke yi a gonakin farar fata, kuma a nan littafin ya fi kowane wuri amfani ga ɗalibi. A babi na huɗu wani manomi, Mista Turner, ya yi wa Mary bayanin yadda shekararsa take tafiya. Ba shi da tsabar kuɗi, don haka duk abin da iyalinsa za su ci ko su sa, bashi yake ɗauka a kantin 'yan gidan Wallace, mai gonar ne yake sa masa hannu. Idan an tsinci auduga, mai gonar ne yake sayarwa, ba manomin ba. Ya cire rabinsa, ya biya kantin bashinsa da kuɗin ruwa daga rabin manomin, sannan ya ƙara cire kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari a matsayin ladan tsaya masa da ya yi. Kantin kuma a kan filin Granger yake, yana samun kasonsa daga cinikin. Wato hannun da ya ba ka gona shi ne ya ba ka bashi, shi ya auna amfanin, shi ya yi lissafi. Ga wanda zai koyar da littafin, yana da kyau ya sa ɗalibai su yi lissafin da alƙalami, ko da da adadin misali ne. A ce auduga ta kawo dala 200. Mai gona ya ɗauki 100. Bashin kanti dala 80, ruwansa 10, ladan sa hannu kashi goma sha biyar na bashin, wato 12. Manomi ya yi shekara yana aiki ya tashi da bashin dala 2. Yanzu a ɗaga kason mai gona zuwa kashi sittin, kamar yadda Granger ya yi a babi na tara: bashin ya koma dala 22. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai sake tambayar me ya sa mutanen ba su tattara kayansu sun tafi ba. Mai bashi ba ya tafiya, kuma barazanar da ake musu ita ce ta kai su aikin fursuna, inda ake ɗaure mutane da sarƙa ana sa su gyaran hanya.

Jigon labarin daga nan ya taso. An zuba wa wasu maza uku na gidan Berry kananzir an cinna musu wuta, ɗaya ya mutu, kowa ya san 'yan gidan Wallace ne, ba a kama kowa ba. Mary ta kwashi 'ya'yanta ta kai su suka ga ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙona suka rayu, a ɗaki mai duhu, ba ya iya magana, domin su fahimci dalilin da ya sa ta hana su zuwa kantin. Daga nan ta shiga gida-gida tana haɗa mutane su ƙaurace wa kantin, a riƙa yo sayayya a birnin Vicksburg. Taylor ba ta mai da wannan abin jarumtaka mai sauƙi ba. Tambayar farko da manoma suka yi ita ce: wa zai tsaya mana a ba mu bashi a can? Idan Logan suka sa gonarsu jingina, sun miƙa wa Granger wuyansu ke nan. Sai wani lauya farar fata, Mista Jamison, ya ɗauki nauyin tsaya wa kusan gidaje talatin. Ramuwar ta zo daki-daki, kowane mataki ta hanyar da doka ba za ta ce komai ba. An kori Mary daga aiki bayan 'yan hukumar makaranta sun shigo ajinta sun same ta tana koyar da tarihin bauta wanda babu shi a littafin hukuma. An ƙara wa manoma kaso. An tare David a hanyar dawowa daga Vicksburg da dare, harsashi ya shafi kansa, tayar amalanke ta karya masa ƙafa. Banki ya ce a biya sauran kuɗin jingina gaba ɗaya nan take. Mutanen da suka janye daga ƙauracewar ba a nuna su a matsayin matsorata ba. Gaba kura baya sayaki suke ciki, kuma David da kansa ya tsawata wa Stacey da ya zage su, ya nuna masa cewa mai gonar kansa ba shi da bakin yi wa marar gona gori.

Babi na biyar shi ne wanda ya fi tsaya wa mutum a rai. Karo na farko aka tafi da Cassie kasuwa a garin Strawberry, tafiyar mil 22, kimanin kilomita 35, a amalanken alfadari tun kafin asuba. Big Ma ta wuce duk wuraren da masu saye suke, ta je can ƙarshen fili ta tsaya, Cassie tana ta mita ba ta gane cewa gaba na farar fata ba ne. A kantin Mista Barnett, mai kantin ya ajiye odarsu sau da yawa yana sallamar farar fata, har da wata ƙaramar yarinya. Cassie ta ɗauka mantuwa ce, ta je ta ja hannun rigarsa ta tuna masa. Ya zage ta a gaban jama'a ya kore ta. Tana fitowa, hankalinta ba ya jikinta, ta yi karo da Lillian Jean Simms, yarinya farar fata. Ta ba da haƙuri, aka ce bai isa ba, sai ta sauka daga gefen hanya ta bi ta tsakiyar titi. Uban yarinyar ya murɗe mata hannu ya ture ta ƙasa. Wanda ya tilasta mata ta sake ba da haƙuri, har da laƙabin girmamawa da ake sa wa manyan mata farar fata, ba baƙo ba ne. Kakarta ce. Cassie ta yi kwanaki tana jin haushin Big Ma, mai karatu kuwa yana ganin abin da yarinyar ba ta gani ba: tsohuwa ita kaɗai da yara a tsakiyar gari, mutane sun fara taruwa, ta zaɓi ta koma gida da jikarta a raye. Wannan tazara tsakanin abin da mai ba da labari ta fahimta da abin da mai karatu ya fahimta ita ce gwanintar littafin, kuma ita ce dalilin da ya sa babba da yaro za su karanta shafi ɗaya su tashi da abu biyu daban.

Manyan gidan ma ba bakinsu ɗaya ba, kuma wannan ya ƙara wa littafin nauyi. Baffan yaran, Hammer, ya zo daga Shikago da mota ƙirar Packard mai ruwan azurfa irin ta Granger sak, har ma ta fi ta sabunta. Shi mai zafin zuciya ne, a yi ta ta ƙare. Mary tana yaƙinta da alli da gam: ta liƙe jadawalin nan na cikin bangon littattafan ajinta da farar takarda. David yana auna kowane abu, wanda za a haɗiye da wanda ba za a haɗiye ba. Mista Morrison, ƙaton mutumin da David ya kawo ya zauna da iyalin don tsaro, ya ba da labarin daren Kirsimeti na 1876 da mahaya dare, wato gungun farar fata masu kai hari da dare, suka kashe iyayensa da 'yan'uwansa yana ɗan shekara shida. Littafin bai ce hanyar wane ce daidai ba. Ya dai nuna kuɗin da kowace hanya take ci.

Sai T.J. Avery, abokin Stacey, ɗan manomin noma-mu-raba, mai surutu da son a san da shi. Ya yi satar amsa a jarrabawa, ya yaudari Stacey ya karɓe sabuwar kwat ɗin da Hammer ya ba shi, ya kai gulmar Mary kantin Wallace saboda ta kayar da shi. Da yara suka juya masa baya sai ya koma bin samari biyu farar fata, R.W. da Melvin Simms, waɗanda suke yi masa dariya a bayan idonsa. Mai karatu zai ji haushinsa har wuya, kuma da gangan Taylor ta yi haka, domin abin da zai same shi a ƙarshe ya wuce laifinsa nesa ba kusa ba.

Wanda ba ya son a faɗa masa ƙarshen labari ya tsallake wannan sakin layi, amma iyaye da malamai ya kamata su sani. Samarin nan biyu sun ja T.J. fasa kantin Barnett da alkawarin wata ƙaramar bindiga mai ƙotar lu'ulu'u da ya daɗe yana kwaɗayi. Su sun rufe fuska da safa sun sa safar hannu, shi fuskarsa a buɗe. Suka bugi mai kantin, daga baya ya mutu. Na shiga ban ɗauka ba kuwa ba ta fid da ɓarawo, balle baƙar fata a Misisifi ta 1934. A daren nan gungun mutane suka zo gidan Avery da niyyar rataye yaron, su R.W. suna cikinsu. Abin da ya tsai da su gobara ce da ta tashi a gonar audugar Logan, tana neman cin dajin Granger, sai kowa, fari da baƙi, ya koma kashe wuta. Sai daga baya Cassie ta gane cewa ba tsawa ba ce ta tayar da ita. Ubanta ne ya sa wa audugarsa wuta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ƙone. T.J. bai kuɓuta ba, an kai shi kurkuku yana jiran shari'ar da ba wanda yake sa ran alheri a cikinta. Gonar da aka yi babi goma sha ɗaya ana karewa, ita aka taɓa don ran yaron da ya cuci gidan.

Littafin yana da rauninsa. Na farko, tunda komai ta idon Cassie ake gani, dole ta kasance a duk inda manya suke magana. Sai ta yi ta laɓe: bayan ƙofa, a gado tana yin kamar ta yi barci, a gindin taga. Sau biyu ko uku mai karatu zai yarda, bayan haka dabarar tana fitowa fili. Na biyu, harshen da take ba da labari da shi na babbar mace ce mai ilimi, da dogayen jimloli da kalmomi masu nauyi, alhali idan ta buɗe baki a cikin zance yarinyar ƙauye ce. Ana iya cewa babba ce take tuna ƙuruciya, amma littafin bai fayyace hakan ba. Na uku, akwai wuraren da labari yake tsayawa cak a yi darasi, musamman bayanin Mary kan tarihin bauta a babi na shida da bayanin Big Ma kan yadda aka sayi gonar. Abin da ke ciki gaskiya ne kuma ana bukatarsa, sai dai yaro mai gaggawa zai tsallake. Taurari farar fata kuma, in ban da Jamison da yaron nan Jeremy Simms mai son abota da su Stacey, ba su da zurfi sosai. 'Yan gidan Wallace mugaye ne kawai, ba a ga wani gefe nasu. Shi Jeremy ya cancanci fili fiye da wanda aka ba shi: fagen da ya kawo wa Stacey sarewar da ya sassaƙa da hannunsa ranar Kirsimeti, Stacey ya ɓoye ta a akwati bai sake fito da ita ba, yana cikin mafi kyawun shafukan littafin.

Akwai kuma ramuwar gayya biyu da za su burge yara, wanda babba ya kamata ya tsaya a kansu. Motar makarantar farar fata kullum tana watsa wa su Cassie jar laka da gangan, domin su ba su da mota, a ƙasa suke tafiya. Sai suka haƙa rami a hanya lokacin hutun rana, ruwan sama ya faɗaɗa shi, motar ta afka ta lalace. Daga baya Cassie ta yi wata guda tana ɗaukar wa Lillian Jean littattafai tana tattara sirrinta, sannan ta ja ta daji ta lakaɗa mata duka, ta rufe mata baki da barazanar tona asiri. Yara za su yi tafi. Abin da za a nuna musu shi ne daren da ya biyo bayan ramin, lokacin da jerin fitilun motoci suka tsaya a ƙofar gidan Logan, Cassie tana makyarkyata tana zaton saboda su aka zo.

Batun shekaru. A Amurka ana karanta shi a ƙarshen firamare da farkon sakandare. Ga wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne, shekara goma sha biyu ko sha uku zuwa sama ya fi dacewa, kuma ba tsananin labarin kaɗai ne dalili ba. Matsalar farko ita ce zancen taurarin, wanda aka rubuta da karin harshen baƙaƙen fatar Kudu: ana yanke ƙarshen kalma, ana haɗe kalmomi biyu su zama ɗaya, ana ninka korewa a jimla guda. Ɗalibin da ya saba da Turancin aji zai ɗauka kuskuren bugu ne, ya buɗe ƙamus bai samu ba, ya ajiye littafin tun a babi na ɗaya. Maganinsa karatu a bayyane. Idan babba ya karanta babi biyu ko uku na farko da murya, kunne yana warware abin da ido ya kasa, kuma daga nan yaron zai iya ci gaba shi kaɗai. Akwai bugun saurare da 'yar wasa Lynne Thigpen ta karanta, sama da awa bakwai, yana yin wannan aiki da kyau idan aka haɗa shi da littafin a hannu.

Matsala ta biyu yawan sunaye. A babi uku na farko za a ci karo da gidaje kusan goma, kuma ba a faɗin launin fatar kowa kai tsaye. A ɗauki takarda ɗaya a raba ta uku: masu manyan gonaki, wato Granger, Montier da Harrison, masu noma a ƙarƙashinsu irin su Avery, Turner da Lanier, sai Logan su kaɗai a tsakiya. A rubuta Wallace, Simms da Barnett a gefe, tare da lura cewa su Simms farar fata ne amma su ma ba su da gonar kansu, talakawa ne da ba su da abin taƙama sai launin fata. Wannan takarda ta minti goma tana hana rikicewar da take sa yara su daina bin labarin.

Matsala ta uku ita ce kalmar zagin nan ta launin fata, wadda take fitowa sau da dama daga bakin farar fata. Saboda ita aka sha ƙorafi a kan littafin a makarantun Amurka, har ya shiga jerin littattafai goma da aka fi neman a cire a 2002 na ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar, kuma a 2020 hukumar makarantun Burbank a Kalifoniya ta cire shi daga jerin karatun dole. Taylor ta tsaya a kan cewa ba za ta wanke tarihi ba, kuma ina ganin tana da gaskiya, domin in an cire kalmar daga fagen kantin Barnett an cire abin da ya girgiza Cassie. Amma a yi wa yara bayani kafin su kai wurin, a kuma yanke tun farko cewa ba za a furta ta a karatun bayyane ba. Yaron da ya tsince ta a littafi ba tare da bayani ba zai iya ɗaukarta kalmar wasa, musamman in ya saba jin ta a waƙoƙi.

Tarihin da ake bukata kafin farawa bai da yawa. An haramta bauta a Amurka a 1865. Sojojin tarayya sun janye daga harkar Kudu a 1877, jihohin suka shiga kafa dokokin wariya. Kundin tsarin mulkin Misisifi na 1890 ya sa harajin zaɓe na dala 2 da jarrabawar fahimtar doka, waɗanda suka hana yawancin baƙaƙen fata jefa ƙuri'a, shi ya sa a littafin ba wanda ya yi tunanin kai ƙara wurin zaɓaɓɓen jami'i. A 1896 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plessy da Ferguson, ta halatta raba wurare muddin wai sun yi daidai da juna. Makarantu biyu na littafin su ne amsar wannan hukunci: ta farar fata tana buɗewa a ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Mayu, tana da motoci biyu da filin wasa, sunanta na Jefferson Davis, shugaban jihohin da suka ɓalle don kare bauta, ta baƙaƙen fata tana buɗewa a Oktoba ta rufe a Maris, domin ana bukatar yaran a gonar auduga. Sai a 1954 kotun ta soke wariya a makarantu, shekara ashirin bayan labarin. Tutar jihar da Cassie take gani a makarantar farar fata, mai ɗauke da alamar 'yan tawayen Kudu, ba a sauke ta ba sai a 2020.

Wajen saye, a duba cewa cikakken littafin ne. Akwai ƙananan littattafan jagora da na taƙaitawa masu ɗauke da suna iri ɗaya a bango, kuma a shagunan intanet suna fitowa jere da na asali. A duba sunan marubuciya da yawan shafuka. Bugun cika shekara arba'in na 2016, mai zanen bango na Kadir Nelson da gabatarwar Jacqueline Woodson, shi ya fi dacewa da wanda zai ajiye ko ya ba da kyauta. Ga aji kuwa, mai bango mai laushi ya wadatar, sai dai a tabbatar duk ɗalibai bugu ɗaya suka riƙe, domin lambar shafi tana bambanta. Babi biyu a mako, mako shida ke nan, amma babi na biyar da na bakwai kowanne yana bukatar zama na musamman, na goma sha ɗaya da na goma sha biyu kuma a haɗe ake karanta su, ba a raba su. An yi fim ɗin talabijin na littafin a 1978, wanda Morgan Freeman ya fito a matsayin Hammer. In za a kalla, a bari sai an gama karatu.

Yawancin yara suna rufe littafin da tambaya ɗaya: me ya faru da T.J.? Amsar tana farkon littafi na gaba, Let the Circle Be Unbroken na 1981, inda aka yi shari'arsa, kuma gara a tanade shi tun kafin a kai babin ƙarshe. Wanda kuma gonar ce ta tsaya masa a rai, The Land na 2001 ya koma baya ya ba da labarin yadda Paul Edward ya same ta. Shi wannan ya fi tsawo da nauyi, ya fi dacewa da 'yan shekara goma sha huɗu zuwa sama.